Sani a Ɗaki, Izini a Zaure: Tarihin Ciki da Haihuwa a Ƙasar Malumfashi

Duk wanda ya tashi a Karfi, ko Dayi, ko Bakori, ko Kafur, ya san maganar ciki ba ta shiga zaure. Mace takan kai wata huɗu ko biyar da juna biyu ba ta furta wa mijinta ba, shi ma in ya lura sai ya kau da kai. Uwarta ta sani, aminiyarta ta sani, tsohuwar gidan kuwa ta riga kowa ganewa. Maigida shi ne na ƙarshen ji, kuma ko ya ji ba zai yi zancen a majalisa ba sai ran da aka aiko yaro ya ce masa ta sauka. Amma in abu ya rikice da tsakar dare, mutumin nan da aka ɓoye wa komai shi kaɗai ke da ikon cewa a fita da ita. Kuɗin mota a aljihunsa yake, kuma shi likita zai nema ya sa hannu kafin a yi mata aiki.

Wannan rabo, sani a ɗakin mata, izini da kuɗi a hannun maza, shi ne ginshiƙin tarihin haihuwa a wannan yanki namu na kudancin Katsina. Yana da mafari, ya yi wa kakanninmu amfani, kuma akwai lokacin da ya fara cin rayuka. Abin mamaki shi ne, ƙasar Malumfashi da Zariya na cikin wuraren da aka fi yin binciken wannan al'amari a Afirka ta Yamma, amma akasarinmu ba mu taɓa jin abin da aka gano a kan iyayenmu mata ba, domin da Turanci aka rubuta shi, a mujallun likitoci kuma aka adana shi.

Tsarin da muka gada

Shaida mafi kusa da muke da ita a kan rayuwar mata a wannan shiyya kafin zuwan Turawa ta fito ne daga bakin Baba ta Karo. An haife ta a wajajen 1877 a kusa da Zarewa, ƙasar Kano da ke maƙwabtaka da mu ta gabas, ta yi ƙarshen rayuwarta a Giwa. Tsakanin 1949 da 1950 ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954, bayan rasuwarta. Baba ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai riƙo da ta yi. Duk da haka, abin da ta faɗa a kan ciki da jego da suna da yaye, tsohuwar Karfi za ta gane shi yau ba tare da an yi mata bayani ba.

A wancan tsari, haihuwa sha'anin mata ce tun daga farko har ƙarshe. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki in wata ya kusa. In ta sauka, sai wankan jego na kwana arba'in, wasu har su zarce: ruwa mai tafasa safe da yamma ana fyaɗa mata shi da ganye, kunun kanwa, yaji, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa. Dalilin duka ɗaya ne, wato korar sanyi, wanda aka ɗauka shi ne babban abokin gabar mai jego. Miji yana da nasa aikin, amma daga waje yake yin sa. Shi zai tara itace tun kafin haihuwa, ya sayo ƙauri da kayan yaji, ya nemo ragon suna da zane. Namijin da ya kasa itacen jego ya ji kunya a gari.

Kada mu yi saurin raina wannan tsari, domin akwai kariya a cikinsa. Yarinyar da ke haihuwar fari tana hannun uwarta ne, wadda ta fi kowa tausayinta. Mai jego tana samun kwana arba'in ba daka ba ɗebo ruwa, tana cin naman da ba ta samu a sauran shekara. Shayarwa kuma takan kai shekara biyu, miji na nesa da ɗakin ko yana taka-tsantsan, domin kwanika abin gori ce ga su biyun. An yi imani nonon mai ciki yana lalata yaron da ke goye. Ko mene ne gaskiyar wannan imani, abin da ya haifar shi ne tazara tsakanin haihuwa da haihuwa, tun kafin wani ya zo mana da wannan kalma a rediyo.

Sai dai tsarin yana da ɗaya fuskar. Kunya, wadda ita ce adon tarbiyyarmu, ta fi tsanani a cikin fari. Yarinya ba ta tambaya, ba a kuma yi mata bayani. Ana yaba wadda ta haihu ita kaɗai a ɗaki ba wanda ya ji motsinta, wadda ta yi ihu kuwa a ce raguwa ce. Ungozoma ma, a al'adarmu, yawanci bayan an haihu ake kiranta, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri. In naƙuda ta yi tsawo, sai a koma ga rubutu da tofi da jiƙe-jiƙe. A ce zaƙi ne ya tare hanya, a ba ta maganin zaƙi. In an ce gishiri ne, a kira wanzami ko tsohuwa ta sa aska ta yi yanka a gaban mace. In jijjiga ta kama ta, a ce iska ce.

A zamanin Baba, ko maigida ya san matarsa ta kwana biyu a kan gwiwa, ko bai sani ba, duk ɗaya ne, domin babu inda zai kai ta. Ba asibiti, ba mota, ba mai iya fitar da ɗa ta ciki. Rashin saninsa bai kashe kowa ba, izininsa ma bai ceci kowa ba. Rabon aiki tsakanin ɗaki da zaure bai zama haɗari ba sai da aka samu wurin zuwa.

Auduga, jirgi da kulle

Kafin asibiti ya iso, wani abu ya riga shi canja zaman gida. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa. Garin ya zama cibiyar auduga, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, manomin ƙasar Sarkin Maska da ta Galadima ya fara riƙe tsabar kuɗi a kaka. A daidai wannan zamani bauta ke mutuwa. Masana irin su M. G. Smith, mijin wadda ta rubuta labarin Baba, sun nuna cewa aikin gona ga mace ya daɗe yana ɗauke da tambarin bauta, don haka da aka 'yanta bayi, matansu suka janye daga gona suka shiga gida kamar matan 'ya'ya. Kulle, wanda a da ya fi yawa a gidajen malamai da sarakai da attajirai, ya bazu cikin ƙauyuka, ya zama alamar mutunci da rufin asirin miji.

Mata da yawa sun karɓi wannan da hannu biyu, domin ya raba su da rana da fartanya, kuma bai hana su neman na kansu ba. Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta ga yadda matan kulle ke juya hatsi da man gyaɗa da abincin sayarwa daga cikin gida, yara na yi musu talla. Amma kuɗin da mace ke samu a ƙuli-ƙuli da fura na kayan ɗakin 'yarta ne da biki. Ciyarwa da magani da fita, waɗannan nauyin miji ne, kuma abin da ya zama nauyinka ya zama ikonka. A gefe guda, Maguzawan da ke warwatse a gidajen gona na ƙasar Malumfashi, matansu na noma, suna cin kasuwa. Harshe ɗaya, ƙasa ɗaya, amma iyakar tafiyar mace ta bambanta. Wannan ya isa ya nuna mana cewa abin da muke kira al'ada tun fil azal, wani sashensa bai wuce shekara ɗari ba.

Haka kuma ba daidai ba ne a jingina duhun kai ga addini. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, jajis na bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a gidajensu. Hanyar kai sani cikin ɗaki ba tare da rushe katanga ba, mun gaje ta. Ba mu dai bi da ilimin lafiya ta cikinta ba sai da aka makara.

Asibiti ya zo a makare

Turawan mulki ba su ɗauki lafiyar matan talakawa da muhimmanci ba. Asibitocin farko na ma'aikata ne da sojoji. 'Yan mishan, waɗanda suka buɗe gidajen haihuwa da makarantun 'yan mata a Kudu, an taƙaita shigarsu masarautun Musulmi. Asibitin Wusasa a bayan Zariya ya fara aiki a wajajen 1930, kuma a wannan lokaci ne aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Katsina da Kano, da goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko a nan Katsina. 'Yan kaɗan ne suka shiga. Sakamakon haka, shekaru da dama bayan samun 'yancin kai, matar Karfi da aka kai asibiti takan tarar da namiji ne zai duba ta, ko macen da ba ta jin yarenta. Ga miji mai kishi da mace mai kunya, wannan kaɗai ya isa dalilin a ƙara jira zuwa gobe. Da yake sai rai ya kai ga maƙogwaro ake zuwa, da yawa a can suke cikawa, sai gari ya ɗauka cewa asibiti wurin mutuwa ne, wanda hakan ya sa na gaba ma ya ƙara jinkiri.

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen koyar da likitanci ya biyo baya a 1967. Daga nan ƙasar Malumfashi ta zama filin bincike. A shekarun 1970 jami'ar, tare da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful da ke Ingila, ta gudanar da babban shirin binciken cututtuka a Malumfashi, inda aka bi gida-gida ana ƙidayar haihuwa da mutuwa, ana duba tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Murray Last, wanda muka fi sani da tarihin Daular Usmaniyya, ya zauna a wani gidan Maguzawa a wannan ƙasa daga ƙarshen shekarun 1960, ya kuma rubuta a 1981 cewa a sha'anin ciwo da magani, rashin sani da ƙin son sani ɗabi'a ce da mutanen yankin suka riƙa, ba gibi kawai ba. Wani matashi Ba'amurke, Lewis Wall, ya zo nazarin maganin gargajiya a tsakiyar shekarun 1970. Abin da ya gani na wahalar mata ya sa daga baya ya karanci likitanci ya zama likitan mata. Ya wallafa littafi a kan maganin Hausawa a 1988, da wata maƙala a 1998 a kan mutuwar iyaye mata a ƙasar Hausa. Ba duk hukuncinsa muka yarda da shi ba, musamman inda ya ɗora wa addini abin da talauci da sakacin hukuma suka haifar. Amma abin da ya ce a kan mace mai naƙuda da ke jiran izinin mijin da ba ya gari, kowa a cikinmu ya san gidan da hakan ya faru.

Abin da Zariya ta ƙirga

Bincike uku daga asibitin jami'ar a Zariya sun shafe mu kai tsaye, domin can ake kai na yankinmu in abu ya gagara.

Na farko na Farfesa Kelsey Harrison ne, ɗan Abonnema ta Jihar Ribas. Shi da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 a jere daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, mutuwa ta taru ne a kan rukuni ɗaya: matan da ba su yi awo ba, ba su yi makaranta ba, aka kawo su cikin gaggawa bayan sun galabaita a gida. Yara ƙanana masu cikin fari da matan da suka yi haihuwa da yawa su suka fi shiga haɗari. Macen da ta yi awo kuwa, ko Bahaushiya ce ko ba Bahaushiya ba, ko Musulma ko Kirista, haɗarinta ya ragu ƙwarai. Harrison ya ƙare da cewa babban magani shi ne ilimin kowa da kowa, musamman 'ya mace. Sun kuma gano wani abu mai taɓa zuciya: 'yan matan da aka ba maganin ƙarin jini da na zazzaɓi lokacin cikin fari, da yawansu sun ƙara tsawo kafin su haihu. Wato yarinyar da ke ɗauke da ɗa ita kanta ba ta gama girma ba.

Na biyu a kan yoyon fitsari ne. Dakta Tahzib ya duba mata 1,443 da aka kwantar a asibitin tsakanin 1969 da 1980. Kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri. Yadda abin ke faruwa ba asiri ba ne. In kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugu, sai ya tokare, ya danne mafitsara a jikin ƙashi kwana biyu ko uku. Naman da aka danne jini ya daina isa gare shi, ya mutu, ya zube, ya bar ƙofa. Galibi ɗan ma ba ya rayuwa. Margaret Murphy, wadda ta yi hira da irin waɗannan mata a Zariya, ta nuna a 1981 cewa gwargwadon daɗewar ciwon, gwargwadon yiwuwar a tarar mace ta rabu da mijinta ta koma gidan iyaye. Jinkirin da ba ita ta yanke shi ba, ita ce ke biyan kuɗinsa da jikinta da aurenta.

Na uku ya taɓa wankan jego kansa. Likitoci Davidson da Parry sun tattara mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. A rahoton da suka buga a 1974, sun nuna cewa masu ciwon sun fi fitowa daga kewayen Zariya da Malumfashi, inda aka fi tsananta wankan zafi da gadon wuta da kunun kanwa. Suka ce gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki. Shekara da shekaru wannan shi ne abin da ake koya wa ɗaliban likitanci a duniya a kan Hausawa. Sai ga shi a 'yan shekarun nan, binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar nan bai ga wankan da kunun suna ƙara haɗarin ba. Abin da ya gani shi ne talauci, rashin karatu, rama, hawan jinin masu ciki, da ƙarancin wani sinadari a jiki mai suna seleniyam. Darasin a nan shi ne, al'ada tana da saurin ɗaukar laifi domin ita ake gani da ido, yunwa kuwa ba ta da tukunya a tsakar gida da za a nuna.

Babbar Ruga

A 1937 mishan ɗin SIM ya karɓi kula da zangon kutare na Babbar Ruga a bayan birnin Katsina. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo wurin aikin kuturta. Ya tarar da mata masu yoyon fitsari ba mai duba su, ya fara yi musu ɗinki. Kafin ya gama, ya yi aiki fiye da 20,000 a Katsina da Kano da sauran cibiyoyin Arewa da Nijar, ya horar da likitoci masu yawa, ya kuma nuna cewa in an sa wa mace robar fitsari da wuri, wasu ƙofofin kan rufe da kansu ba tare da tiyata ba. Yau Babbar Ruga cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya. A can Danja ta kusa da Maraɗi, a harabar wani asibitin kutaren, ƙungiyar da Lewis Wall ya kafa ta buɗe irin wannan cibiya a 2012. Ba banza ba ne wurare biyun suka fara da kuturta: cuta ce da ke sa a ware mutum, haka ma yoyon fitsari.

Amma ɗinki gyaran ɓarna ne. Kowace mace da ta shiga Babbar Ruga, akwai daren da wani ya ce a bari gari ya waye.

Kuɗi da zargi

A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin ƙasa ya karye, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, asibitocin gwamnati suka koma karɓar kuɗi a kan abin da a da kyauta ne. Likitocin Zariya sun rubuta cewa tsakanin 1983 da 1988 masu zuwa haihuwa asibitin sun ragu, masu mutuwa kuma sun ƙaru. Daga wannan lokaci izinin maigida ya zama lissafi. Manomin da ya ce a dakata, sau da yawa ba mugunta ba ce, yana auna buhun masara nawa zai sayar ne a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ba zai faɗi haka a gaban surukai ba, sai ya ce a ƙara addu'a, ita ma kunya ce irin ta maza.

A 1988 kuma gwamnatin Babangida ta fito da manufar yawan jama'a wadda ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace. A Arewa an ji abin a matsayin ƙayyade iyali, aka yi masa kallon makirci. Gwamnatin da ta kasa ba da maganin zazzaɓi kyauta, ga ta tana raba maganin hana haihuwa kyauta, dole mutane su yi tambaya. Gwajin maganin kamfanin Pfizer a kan yara a Kano a 1996, da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, sun ƙara wa zargin ƙarfi. An ɗauki shekaru kafin ma'aikatan lafiya su koma kalmar da ta dace da abin da muka sani, wato tazarar haihuwa, wadda malamai suka samo mata madogara a shekara biyun shayarwa da Alƙur'ani ya ambata. A tsakanin nan, tsohuwar tazarar ta yi rauni a gidaje da yawa, sabuwar kuma ba a yarda da ita ba. Mace kan je a ɓoye ta karɓi allura, ko ta haƙura ta yi ta rurrutsa, domin a gidan kishiyoyi yawan 'ya'ya shi ne matsayi, shi ne rabon gado.

Shigo da miji cikin zance

Bayan taron duniya na Nairobi a kan lafiyar iyaye mata a 1987, masu bincike, har da na Zariya da Sakkwato, sun raba abin da ke kashe mai naƙuda gida uku: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko duk a hannun maza suke a ƙasarmu. Ganin haka ya sa shirye-shiryen da suka biyo baya suka daina yi wa mata wa'azi su kaɗai.

A ƙarshen shekarun 2000, wani shirin lafiyar mata da yara da Birtaniya da Nowe suka tallafa a Katsina da Jigawa da Yobe da Zamfara ya yaɗa wata dabara mai sauƙi: miji ya ba matarsa izini tun da wuri, a gaban shaidu, cewa duk sa'ad da ta ga alamar haɗari a fita da ita ko yana nan ko ba ya nan. Aka haɗa da asusun gaggawa na unguwa, da masu ba da jini, da direbobin ƙungiyar sufuri ta ƙasa da suka ɗauki alkawarin tashi ko da tsakar dare. A Nijar, tun wajajen 2008 aka fara makarantun magidanta a jihar Damagaram, inda mazan da gari ke ganin girmansu ke zama su koyi alamomin haɗarin ciki, su koya wa 'yan uwansu. Ba mu kaɗai ba ne: a Indunusiya ma, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, an yi gangamin miji mai shiri a ƙarshen shekarun 1990 saboda dalili iri ɗaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce a rushe kulle ko a ƙwace ikon maigida. Abin da suka yi shi ne kai sani zaure, da kai izini ɗaki kafin ranar buƙata.

Inda muke yau

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa macen Jihar Katsina na haihuwar 'ya'ya 7.3 a matsakaici, mafi yawa a duk Najeriya. A Arewa maso Yamma kuwa, a wancan lokaci kimanin haihuwa 16 cikin 100 ce kawai ake yi a asibiti. A faɗin ƙasa, binciken ya nuna uwa 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000 a wancan lokaci. Waya ta rage wani abu: mijin da ke cin rani a Legas ko Abuja ana iya samunsa cikin minti ɗaya. Amma wani sabon jinkiri ya shigo. Tun da 'yan bindiga suka addabi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har abin ya kai ga kisan masallata a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi a watan Agustan 2025, fita da dare ta zama kasada, direba na tsoro, ma'aikaciyar jinya na tsoron kwana a ƙauye. Jinkiri na uku ma yana nan: a isa asibiti a tarar ba jini, ba wuta, ba likita. Wannan alhakin hukuma ne, kuma bai kamata a fake da al'ada a wanke ta ba.

Abin da ke hannunmu shi ne na farko. Kakanninmu sun san mace mai ciki tana buƙatar tanadi, shi ya sa suka ɗora wa miji tara itace tun wata bai kama ba. Tanadin yau ya ƙaru da abu huɗu: wace mota za a kira kuma lambar wa, ina kuɗin suke kuma a hannun wa, wa zai ba da jini, wa zai ce a tafi in maigida ba ya nan. Sai kuma alamomin da bai halatta a jira gari ya waye a kansu ba: zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, zazzaɓi bayan haihuwa, mabiyiyar da ta ƙi fita, naƙudar da ta wuce sa'a goma sha biyu. Waɗannan ya kamata kowane ango ya san su kamar yadda ya san farashin taki, kuma liman da mai unguwa da uwar miji su ne suka fi dacewa su fara faɗa masa.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunya tana da wurinta, kuma ba mu fatan ta gushe daga gidajenmu. Amma zama ɗaya tsakanin miji da mata a watan bakwai, ko da ta bakin gwaggo ko yaya za a yi shi, ya isa ya sa in daren ya zo, wadda ta san abin da ke faruwa a jikinta ba sai ta jira wanda bai sani ba.